Yaya Iliya da Jirgin Dakon Mai

Shekara goma sha biyu ke nan da muka binne Yaya Iliya, amma sai bana zuciyata ta yi sanyi.

Yayana ɗan Samaru ne, ruwan Kubanni ne iyakar ruwan da ya sani kafin ya shiga sojan ruwa. Aka tura shi jirgin dakon mai, wanda ke bin jiragen yaƙi yana ba su mai a tsakiyar teku. Jirage biyu na tafe kafaɗa da kafaɗa, ruwa na wujijjiga su, a jefa igiya, a jawo mesa, mai na kwarara. Tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi kowa, shi kuwa yana kan mesar. Da jirgin ya tsufa aka yanka shi aka sayar da ƙarafan, Yaya ya tattaro ya dawo gida. Da zai ga layin masu keke napep a gidajen mai yau, na san tsaki zai yi ya ce su a jirginsu ko a guguwa ba su bar kowa yana jira ba.

Tsofaffin sojan ƙasa na barikin Basawa kuwa "mai gidan mai" suke ce masa. Shi dariya yake yi, ni abin na ci mini rai. Da ya rasu suka ƙi sa sunansa cikin waɗanda ake kira ranar tunawa da mazan jiya, wai bai taɓa jin warin harsashi ba. Kowace shekara sai na je na hana su sakat. Da yana raye cewa zai yi, "Saratu, ƙyale su mana." Ban ƙyale ba.

Bana ina cikin masifa a ƙofar zauren taron, wani dattijo mai sanda ya tambaye ni sunan jirgin. Ashe tsohon kyaftin ne na jirgin yaƙi, ya zo Sabon Gari ganin 'yarsa. Da na faɗa masa sunan, sai ya ja ni ciki, ya gaya musu yadda mai ya taɓa yanke masa dab da wata gaɓa da ake luguden wuta, jirginsa maƙil da mata da yara da ya kwaso. Jirgin su Yaya ne ya kutso, ya manne da su har suka cika tankinsu.

"A wurinmu," in ji shi, "wanda aka ba mai shi ke fara sarawa, komai girmansa."

Ya jingine sandarsa, ya juyo gare ni ya sara mini. Aka kira sunan Iliya a gaban kowa, aka yi masa addu'a. Na buɗe baki in ce amin, sai kuka.