Ranar da Bijimai Suka Ja Motata

Motata tsohuwa ce, ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Jif ce mai shan gas, irin mai dogayen ƙafafu da ake shiga jeji da ita, kuma ta girmi babban ɗana. Gonar da na gada a Tozai na sayar na saye ta daga hannun wani ɗan kasuwa da ya gama cin ƙuruciyarta a hanyoyin Nijar. Boko na bar shi a rabin sakandare. Ba ni da shago, ba ni da ɗan'uwa a gwamnati. Da ita nake kwaso mutane da kaya daga ƙauyukan da ƙananan motoci ba sa iya yashinsu, in kawo su kasuwar Illela. In injin nan ya buga, ni ma na buga.

A tasharmu akwai wata ɗabi'a. In jar fitilar baƙin mai ta fara ƙyaftawa, ba inji ake dubawa ba, fitilar ake yi wa magani. Wani ya liƙa mata sitika, wani ya zare ƙwan ya jefar. Maƙwabcina haka ya yi. Yau motarsa tana bayan gidansa a kan duwatsu, kaji na ƙwai a kujerar direba. Kullum zan tafi masallaci sai na wuce ta.

Tawa fitilar ba ta taɓa ba ni tsoro ba. In na murza makulli ta kama, in inji ya tashi ta mutu, yadda ya kamata. Sai wata bazara na fara jin wani ƙas-ƙas-ƙas da safe, ɗan lokaci kaɗan, sannan ya ɗauke. Na kai ta wurin bakanikena, wani gajere mai surutu da ke aiki ƙarƙashin dogonyaro a hanyar Konni. Ya bi waya ya bi waya, sai ya fito yana dariya.

"Maigida, fitilar ga taka ba ta san komi ba game da mai. An yanke wayarta an ɗaure da ta caji. Ko inji babu ɗigo ɗaya, ita lahiya lau za ta ce maka."

"To mi za a yi?"

"Famfon ya fara gajiya. Zuba mata mai kauri irin na manyan motoci, ta yi shiru. Kowa haka yake yi."

Na ce ba shiru nake nema ba. Famfon baƙin mai shi ke tura mai ya bi lungunan inji. Ranar da ya daina, ƙarfe zai ci ƙarfe, kafin ka gama salati komai ya ƙone. Na sa shi ya ciro agogon mai daga wata matacciyar tarakta, mai allura da siririn bututun jan ƙarfe, ya ɗaura mini a gefen sitiyari. Na kuma aika Sakkwato a nemo mini famfo, aka ce sai an jira, irin na tsohuwar nan ya yi wuya. Direbobi suka samu abin yi. Ɗaya ya ce na sa wa mota agogon sallah. Ɗaya ya ce saura in saya mata gadon asibiti. Na ƙyale su. Na rage lodi, na daina doguwar tafiya, idona ɗaya a hanya ɗaya a allura.

Ana cikin haka surukina, uban matata, ya aiko. Ya cire albasarsa a bakin tafkin Kalmalo, yana so in kwaso masa ranar kasuwa da wuri, kafin 'yan kudu su cika motocinsu su tafi. Ba tambaya ce ba. A wurinmu mutum ba ya ce wa surukinsa a'a. Ko abinci ba ka ci a gabansa, balle ka kalli idonsa ka ce motarka ba ta da lafiya. Na ce wa matata ta ɗan nuna masa halin da ake ciki. Ta ce, "Ni in gaya wa Baba haka? Kai dai ka gaya masa." Ban gaya masa ba, na tafi.

Albasar ta fi abin da aka faɗa, kamar kullum. Kafin a gama ɗurawa a buhu a ɗaure, rana ta take. Motar ta zauna a kan ƙafafunta na baya. Tsohon ya hau gaba kusa da ni, ya ɗora sandarsa a cinya. Muka baro bakin tafki.

Da sanyin safiya da na taho, allurar tana tsakiya. Da inji ya ɗauki zafi, mai ya tsinke kamar ruwan koko, ta fara sauka. Muka shiga wani yashi mai zurfi, na sa mata giyar ƙarfi, tana gurnani tana ja. Muna fita na duba. Allura ta yi rawa, ta faɗo, ta kwanta a ƙasa. Jar fitilar nan kuwa ko ƙyaftawa ba ta yi ba, munafuka.

Na kashe mota nan take.

Tsohon ya juyo. "Mi ya faru?"

"Baba, mai ba ya hawa."

"Gas ya ƙare?"

"A'a Baba, baƙin mai. Famfon ya tsaya."

"Ni ban ji komi ba. Motag ga lahiyarta lau take tahiya. Ga Illela can, ina hangen ƙarfen waya. Tada ta mu ƙarasa, ka gyara can."

Gaskiyarsa, ana hangen garin. Wannan ne ma abin da ke kashe injuna a ƙasarmu, saura kaɗan, bari mu lallaɓa. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, a yi haƙuri. In na tada ta, ba za ta kai ba."

"Ka san gaibu ke nan?"

"Allurar nan ce ta nuna."

"Allura! Ni da na ba ka ɗiyata ban duba allura ba."

Maganar ta shige ni. Hannuna har ya kai kan makulli. Sai na tuna kajin maƙwabcina. Na zare makullin, na jefa shi a aljihun ciki, na buɗe ƙofa na sauka na durƙusa a yashi ta gefensa. Na ce ya yi mini duk faɗan da zai yi, amma motar nan ba za ta sake tashi ba sai an buɗe cikinta. Ya sauko, ya tafi gindin wata aduwa ya zauna ya ba ni baya.

Na taka zuwa wata ruga da ke kusa. Na samu wani Bafulatani dattijo da na sha kai wa matansa nono kasuwa. Ya saurare ni, ya yi murmushi.

"Kai Bahaushe, kullum kana tada mana ƙura kana korar mana shanu daga hanya. Yau kuma shanun kake biko?"

"Baffa, yau su ne manya."

Ya ba ni bijimai biyu na huɗa da igiya, ya kuma nemo mana amalanke biyu. Aka sauke albasa aka ɗora. Tsohon ya hau amalanke ɗaya ba tare da ya dube ni ba. Kafin su isa, manyan masu saye sun tashi. Sai 'yan tsintuwa ya samu, suka saya yadda suka ga dama. Wannan asarar ta tabbata, ba zan ce ba a yi ta ba.

Ni kuwa na shiga Illela ranar kasuwa, ina riƙe da sitiyarin da ya yi tauri kamar turmi, bijimai biyu na ja na, Bafulatani na gaba yana yi musu tsaki. Ta gaban tasha hanyar ta bi, babu wata. Direbobi suka miƙe tsaye a kan benci.

"Direba, a rage gudu!"

"Ciyawa nawa take sha zuwa Konni?"

"Duba agogo ka gaya muna, la'asar ta yi?"

Na kalli gabana. Zufa na shiga idona ban share ba.

Washegari bakanike ya kwance kwanon ƙasan inji. Rariyar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta ta toshe da guntayen jan gam, wanda wani gwani ya lafta a da maimakon ya sa gasket, takardar da ke hana mai yoyo. Haƙoran famfon sun cinye sun yi sulɓi. Ya ciro metal ɗaya, irin ƙarfen da sandar inji ke juyawa a kansa, ya goge da gefen rigarsa, ya ɗaga shi a rana. Yana sheƙi, babu ko ƙarzuwa.

"Maigida, da ka ƙara ko daga nan zuwa bakin kasuwa, da yanzu muna maganar sabon inji."

Na ce ya je tasha ya faɗa musu. Ya ce ba za su ji ba, kuma ba su ji ba. Har yau Mai Shanu suke kira na.

Motar ta zauna ƙarƙashin dogonyaro har famfo ya iso. Muka wanke rariya, muka yanka gasket na kirki, na tsaya a kansa har ya mayar da wayar fitila inda Allah ya nufe ta. Da ta tashi, allura ta haura tsakiya ta tsaya cak. Na daɗe ina kallonta.

Surukina bai sake aiko mini a kan albasa ba. Motar wani yake ɗauka, wanda ya liƙe tasa fitilar da sitika. Ina zuwa gaishe shi duk Juma'a, in cire takalmi, in durƙusa. Yakan amsa, ya tambayi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Ya shanun naka?"

In ce, "Suna lahiya, Baba. A waje na bar su, suna jira na."