Kirsimetin da Na Yi a Ɗakin Albasa

Ana jibi Kirsimeti, shekarar da nake aji uku a firamare, Inna tana yi mini kitso a gindin rumbu a ƙauyenmu kusa da Hunkuyi, sai hannunta ya tsaya cak. Ta ga fari-fari a bayan wuyana har zuwa kafaɗa. Kafin ta ja mini riga, Baba Babba, yayan mahaifina kuma dattijon cocinmu, ya riga ya hango. Mutum ne da ba a yi masa musu, don shi kaɗai ya iya karatu a cikin manyan gidan. Ya buɗe dokokin Musa, ya bi layi da yatsa, ya ce mai irin wannan tabo ba shi da tsarki, a bayan zango zai zauna. Bai ce kuturta ba, amma kowa ita ya ji.

Zangona dai ɗakin ajiyar albasa ne a bayan gida. Aka ware mini kwano da moɗa, aka bar kitson rabi. Ranar bikin ina jin 'yan mata suna bi gida-gida da waƙa, ƙanshin shinkafa da miyar kaza yana iso ni, sabuwar atamfata kuwa tana jikin ƙanwata. Ta ɓular zana nake leƙen yara suna shan rake suna jifan juna da ɓawon. Inna takan ajiye abinci a bakin ƙofa, ta kira sunana a hankali, ta juya da sauri. Ba ciwon nake tsoro ba, don ko ƙaiƙayi ba ya yi. Tsorona kada ta daina taɓa ni har abada. Sai bayan sabuwar shekara mahaifina ya kai ni wurin malamin asibiti a Makarfi, ya duba ya ce ƙyasfi ne, ya ba mu man shafawa.

Na girma har na aurar da 'ya kafin wata malama a zumuntar mata ta bayyana mana yadda Yahudawa, masu dokar tun asali, suka fahimce ta. A wurinsu ba kuturtar da muka sani ba ce, kuma komai ilimin mutum ba ya yanke hukunci, sai firist ya gani da idonsa ya furta. Har ma idan tabon ya fito lokacin idi, ba a dubawa sai an gama, don kada a ɓata wa mutum murnarsa. Nan na ji kuka ya zo mini, ni da furfurata.

Baba Babba ya daɗe da rasuwa. Yanzu jikokinsa a waya suke duba sunan kowane ƙurji. Da na je gida na ba Inna labari, sai ta ce, "Da na iya karatu, Saratu, da a bayana za ki kwana."

Shekara arba'in ina zaton ni kaɗai aka kulle.