Rijiyar da Muka Rufe da Siminti

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da muka je ƙaddamar da famfo a wani ƙauye tsakanin Anka da Bukkuyum ba. Lokacin bazara ne, bayan gubar dalma ta 2010 ta ci yara a yankin. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a sashen ruwa, aikina haɗa bututu da gyaran inji. Shugabanmu Alhaji Bawa ne, mutumin da bai taɓa leƙa rijiya ba sai a takarda.

An hana mutanen ƙauyen shan ruwan kududdufinsu, domin a nan masu haƙar zinari suke wanke ƙasa mai dalmar. Rijiya ɗaya ta rage musu, mai zurfin gaske. Ƙa'idar aikinmu ita ce a auna daga baki zuwa kan ruwa kafin a zaɓi inji. Na zura igiya, na sami ƙafa arba'in da biyar. Sai ga Alhaji ya aiko da injin ban-ruwa irin na fadama, wanda ake ajiyewa a sama ya zuƙo.

Ku sabbin ma'aikata ku riƙe wannan. Irin wannan inji ba ya jan ruwa da ƙarfinsa, iskar cikin bututu kawai yake kwashewa. Iskar da ke samanmu tana da nauyi, ita ke danna ruwan rijiya har ya hau bututun. Nauyin nata kuwa yana da iyaka: ba ya kai ruwa sama da ƙafa talatin da 'yan kai, a aikace ma da ƙyar ashirin da biyar. Rijiya mai zurfi sai injin da ake zurawa cikin ruwan ya turo shi daga ƙasa.

Na shiga ofis na yi wa Alhaji wannan bayani. Ya yi dariya har da buga tebur.

"Iska ad da nauyi? To ɗebo man buhu guda in auna. In wanga ya kasa, mu kawo babbanai."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ko na jirgi anka kawo ba ya yi."

Ya ce in tsaya matsayina. Na kuwa tsaya, kuma wannan ne laifina. Da hannuna na zuba simintin da ya rufe bakin rijiyar don kada ƙura ta shiga, na bar 'yar kafar bututu.

Ranar ƙaddamarwa aka tayar da inji gaban mai gari. Ya yi ta ruri, ya yi zafi, ko ɗigo bai fito ba. Mata na tsaye da jarkoki cikin rana. Alhaji ya juyo ya ce ni na haɗa bututu ba daidai ba, ya shige mota.

Wata dattijuwa da ake kira Inna Hassi, wadda gubar ta ci jikokinta biyu, ta tare ni. "Ɗana, ku da kunka yi boko, ku buɗe muna rijiyarmu. Guga bai taɓa ba mu kunya ba."

Fasa simintin sai da izinin ofis. Kwana tara ina bin takarda, kwana tara matan nan suna ɗibar ruwan kududdufi suna ba yaransu. A na goma na ari guduma na fasa shi da kaina. Aka ba ni takardar tuhuma kan ɓarnata kayan aiki, Alhaji kuma aka yi masa ƙarin girma kafin shekara ta zagayo. Har gobe abin yana ci mini rai.

Abin da na koya shi ne, a aikin ruwa idan babba ya yi kuskure, ba shi ke sha ba. In kun san abu ba zai yiwu ba, ku rubuta, ku sa hannu, ku ƙi taɓa siminti. Ni na san gaskiya tun ranar da na zura igiya, amma na ji tsoron Alhaji fiye da yadda na ji tausayin yaran nan.