Igiyar Hedley Noske

Duk unguwarmu ta Klemzig, a gefen Adelaide, babu wanda bai san Hedley Noske ba, ko da ta tarinsa ne. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, kuma rabin lemon bishiyarsa a tsakar gidana yake faɗuwa, shi ya sa nake kiransa maƙwabcin albarka, shi kuma yana kirana ɓarawon lemo.

Gyaran famfo ya yi har gwiwoyinsa suka ƙi. Amma aikin da yake taƙama da shi shi ne jan igiyar ƙararrawar cocinmu na Lutheran. Al'adar da kakanni suka zo da ita daga Jamus ce: in an fara Addu'ar Ubangiji, a buga sau uku, farko da tsakiya da Amin, don marasa lafiya da ke kwance a gida su bi. Da can abin bai dame shi ba. Yanzu matarsa Valma ce a kwance, tun da ɓarin jikinta ya shanye. Kowace Lahadi sai ya buɗe mata taga kafin ya fita, ta haɗa hannun da ke motsi da wanda ba ya motsi, ta jira.

Sai masu zuwa coci suka ragu. Ikilisiyoyi uku suka haɗa kai a kan fasto ɗaya, Fasto Thiele, ana zagayawa da sujada. Lahadin farko ta faɗa wa cocin da ke bayan babban kanti, wanda ba shi da ƙararrawa, ba shi da ko hasumiya. Hedley ya ce ɗakin ajiyar kaya ne aka manna wa gicciye.

Bai faɗa wa Valma ba. Ya buɗe baki ya rufe ya fi a ƙirga. A wannan makon har shayinsa ya daina shanyewa.

Wurin shan shayin haɗin gwiwa ya yi ƙorafin, ga kek ɗin Jamus a hannunsa bai ko gutsura ba. Dulcie Wundke, mai kaɗa molon wancan cocin, wadda suka shekara suna faɗa a kan saurin waƙa, ta ce, "Kai tsoho, ka zauna a naka cocin da igiyarka. In Fasto ya zo addu'ar, zan kira ka a waya."

"Ke? Ke da kike gama waƙa mutane suna baiti na biyu?"

"To nemi wani. Ka ga layin masu son taimakonka ya kai titi."

Ranar Lahadi ya buɗe taga. Valma ta ce, "Maigida, ka ɗaure wuyan rigarka, kar ka ba ni kunya." Ya ɗaure, ya tafi coci shi kaɗai. Kujeru wayam. Ya ajiye waya a kan benci, ya naɗe igiya a hannu.

Waya shiru. Ya lissafa a ransa: yanzu sun gama waƙar farko, yanzu karatu, yanzu wa'azi. Ya ƙara wa wa'azin tsawo, don Fasto Thiele in ya hau ba ya son sauka. Har yanzu shiru. Ya duba ko wayar ta mutu, ba ta mutu ba.

 Ya tuna abin da Fasto yake fara faɗa kowace sujada: kowa ya kashe wayarsa. Mutanenmu kuwa in Fasto ya ce a kashe, ko wutar girki ce za su kashe. Dulcie ta kashe tata, ba makawa.

Ya buga da ka ne? In ya riga su, Valma za ta yi addu'arta ita kaɗai tana zaton tana cikin jama'a, shi kuma ya yi mata ƙarya da ƙararrawar Allah. In ya jira, tana can idonta a taga, tana tunanin ko ya faɗi ne, ko an rufe cocin ba a gaya mata ba. 

Wayar ta yi ƙara. Sunan Fasto ne a kai, amma muryar Dulcie ce.

"Tawa ta ƙi kunnuwa. Na miƙe na tsayar da Fasto a tsakiyar sujada, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Kowa yana tsaye yana jiranka. Igiyar tana hannunka, ko ka yi barci?"

"Tana hannuna."

"To ja, sarkin gardama."

Ya ji ta wayar muryoyin coci uku sun tashi tare, wasu na gaba wasu na baya. Ya ja. Ya bi su da baki har tsakiya, ya ja. Da suka ce Amin ya ja na ƙarshe, ya zauna a benci.

Da ya koma gida Valma ta dube shi ta ce, "Kun makara yau."

Ya tsaya yana murza hularsa. "Valma, sujadar ba a nan aka yi ba."

"Na sani. Ba mota ko ɗaya da ta wuce ta gaban tagar nan." Ta gyara bargo da hannunta mai lafiya, ta bar shi ya ba ta labarin Dulcie da wayar. "Mako mai zuwa ka ce wa Dulcie ta bar wayarta a kunne. Kuma bugu na biyu bai fita sosai ba."