Baƙar Ƙasar da Jonah Kure Ya Ƙi Binnewa

Jonah Kure ba ya tayar da katafila da isowarsa wurin aiki. Sai ya ciro wata tsohuwar fartanya daga bayan kujera, ya bi filin da za a share a ƙafa. Ya sara nan, ya tsuguna, ya zura hannu. Ya murza ƙasar, ya shinshina, ya ƙara gaba ya sake sarawa. Abin da yake nema shi ne inda baƙar ƙasa ta ƙare, ja ta fara. In ya gane zurfinta sai ya karkaɗe gwiwa, ya hau, ya yi 'yar addu'arsa, sannan inji ya yi tari ya tashi. Haka yake yi tun gwamnati na ɗaure kayanta a Legas. A watan nan zai ajiye aiki, domin ido ya fara gardama, baya kuma ya ƙi zaman kujera. Shi ya sa zan faɗi abin da na gani. Ni tifa na tuƙa. Ƙasar da ya turo, ni nake kwasa.

A shekarun can kowa sauri yake yi. An ce manya na tafe. Ofisoshi na tashi a Garki cikin Abuja, titin da zai shigo da su kuwa ya yi kaɗan, dole a faɗaɗa shi. Wanda bai yi aikin titi ba kwalta kawai yake gani. Kwalta fata ce. A ƙarƙashinta jar ƙasa ce, tifa bayan tifa, kuma daga wani wuri aka yanko ta. Baƙar ƙasar sama, wadda manomi ke ci a kanta, a wurin mai titi shara ce, don ruwa na taɓa ta sai ta yi laushi. Saboda haka akan ture ta cikin rafi ko a binne ta a kwari, a haƙi ja, a tafi a bar rami. Na ga ramukan nan da yawa. Damina ta cika su, sauro ya sami gida, akuya ta faɗa ba ta fita. Rafin da aka zuba wa ƙasa kuma ya cushe, ya sake hanya, ya shiga gonar wanda bai ji ba bai gani ba.

Jonah ɗan Gbagyi ne, ɗan manoman doya. Ƙauyensu na gefen titin, ta ɓangaren da ake ratsewa zuwa Ushafa. Gonakinsu na gabas titi ya riga ya cinye. Saura fili guda a bayan gari, kuma a ƙarƙashinsa aka sami jar ƙasar da kamfani ke so. An yi maganar diyya, amma ba a shuka doya a kan diyya. Kowa a garin ya san inda zancen ya dosa: in filin nan ya zama rami, sai ƙaura.

Ranar da aka sauke katafila daga tirela, yayarsa Magdalene ta fito da itace a kafaɗa, yadda matansu ke ɗaukar kaya. Ta tsaya a gaban bakin ƙarfen, ba ta sauke kayan ba.

Ta ce, "Jonah, kai da hannunka?"

Ya ce, "Yaya, in na sauka wani zai hau. Shi kuwa bai san ƙasar nan ba."

Ta ce to ita ma daga yau ba ta san shi ba. Ta juya ta tafi.

Daga ranar muka fara ganin abin da ba mu gane ba. Maimakon ya nitsa bakin katafila ya yi ta turi, sai ya riƙa feffefe saman filin a hankali, kamar mai kwasar maɗi daga tukunya. Baƙar ya kai ta gefe guda ya tara. Ba ya yarda ja ta taɓa ta. Mu direbobi muna layi, rana na dukanmu, muna kallonsa. Wani ya ce kabarin kakansa yake ginawa. Wani ya ce zinariya ya gani yake rufewa. Ni kuwa na so in sani. Na tambaye shi, ya ce ajiya ce. Ajiyar wa? Ya ce ta masu ita.

Oga Abraham, shugabanmu a wurin, ya kira shi ya yi masa faɗa a kan ɓata mai da ɓata lokaci. Ya ce masa direban katafila ba wuyar samu yake ba. Jonah ya saurara har ya gama, ya ce ya ji. Washegari ya zo tun kafin kowa, lokacin cin abinci ma bai sauka ba, ya biya lokacin da jikinsa. Oga ya leƙa tudun, ya leƙa layin tifa ya ga yana tafiya, sai ya ce shi idonsa ba ya gani ta wannan gefen. Iyakar taimakonsa ke nan, kuma ya isa.

Sai wata fitinar ta taso. Sababbin gidajen ma'aikata a Garki suna son ciyawa da fure a ƙofa, ƙasar can kuwa duk an kankare ta. Labari ya bazu cewa ga tudun baƙar ƙasa a banza. Wani direba cikinmu, Fatihu, ya kwashi lodi ya kai, ya dawo yana murmushi. Jonah ba zai iya gadi ba, yana kan inji. Magdalene, wadda ba ta yi masa magana, ita ta tare abin. Ta samo tsohuwar tukunya, ta shafe ta da toka, ta ɗaura mata jan ƙyalle da gashin kaza, ta kife a kan tudun. Fatihu ya dawo ya gani, ya ce shi mai iyali ne, ya juya tifarsa. Matar nan kuwa mai waƙa ce a coci. Daga baya ta gaya mini ba komai a cikin tukunyar sai ɓawon gyaɗa.

Da aka gama ɗibar ja, rami ya yi zurfin da in tifa ta shiga ba a hango ta. Kamfani ya ce a kwashe injuna a yi gaba. A 'yan kwanakin da suka rage Jonah ya karya bakin ramin, ya kwantar da shi ya zama gangare, ya bar kusurwa ɗaya mai zurfi inda ruwa zai taru. Sannan ya fasa tudun ya shimfiɗa baƙar ƙasa a kai. Mutanen gari suka fito kallo. Tsofaffi suka ɗebo a hannu suka ce lallai ita ce. Aka tayar da kunya, aka binne irin doya, aka jira.

Doyar ba ta yi ba. Ganye ya fito rawaya, ya tsaya a rabin sanda. Da aka tona, wata ta ruɓe, wata ba ta fi babban yatsa ba.

A lokacin an mai da mu aiki wajen Uke. Ran Lahadi bayan coci Jonah ya roƙe ni in rage masa hanya, na kai shi ƙauyensu. Ya shiga filin ya zura hannu har gwiwar hannu, nan da can. Ya daɗe. Ya ce mini babu tana ko ɗaya, kuma ƙasar tsami take yi. A nan ya gano kuskurensa, kuskuren da sai ɗan manomin doya zai yi. A wurinsu, gwargwadon tsayin kunya gwargwadon kyan doya, mai ƙaramar kunya rago ne. Da wannan hannun ya tara ajiyarsa, ya yi mata tsayin soro, katafila na hawa tana dannewa. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, cikin tudun ya yi zafi ya shaƙe. Abin da ya shimfiɗa musu gawar ƙasa ce.

Gidaje sun fara ɗaure kaya. Magdalene ta same shi a tsugune. Maganarta ta farko ke nan tun ranar tirela.

"Ka kashe filin nan sau biyu," in ji ta.

"Na kashe, Yaya. Amma ku ba ni rani ɗaya."

Bai tsaya kare kansa ba. Ya tuna abin da iyayensu ke yi da gonar da ta gaji: a kira Fulani su sauka a kanta da rani, shanu su ci kara su bar taki. Tun da aikin titi ya tare burtali, makiyaya suka daina biyowa ta nan. Jonah ya bi su har inda suka koma, ya sami ardonsu. Ardo ya ce shi ba ya kai dabba bakin ramin kamfani, don ya taɓa rasa saniya a irinsa. Jonah ya ce ya zo ya taka da ƙafarsa. Ya zo, ya gangara har bakin ruwa ba tare da ya dafa ƙasa ba, ya hau ya dawo. Ruwa a tsakiyar rani ba abin rainawa ba ne. Ya kafa ruga a filin.

Da damina ta faɗi, Magdalene ta hana a sa doya. Ta ce mara lafiya ba a fara masa da tuwo. Ta tara mata suka shuka wake da gyaɗa, suka bar ganyen ya ruɓe a wurin. Rani ya dawo, shanu suka dawo. Wasu gidajen ba su iya jira ba, suka tafi, kuma ban ga laifinsu ba. Waɗanda suka tsaya sun ci wuya. Maza suka shiga leburanci a gari, mata suka kai itace bakin titi. Sai da aka fara ganin kashin tana a kan ƙasa da safe, sannan tsofaffi suka ce a gwada doya.

A kakar da ta biyo, ana ta shelar cewa gwamnati ta tare a Abuja, motoci masu jiniya na wucewa a kan titin da muka yi. A ƙauyen ba wanda ya je kallo. Magdalene ta aika a kira ƙanenta, ta ce shi zai tona kunyar farko, in kunya ce ta kowa to shi zai fara gani. Na je. Ya durƙusa yana tono da hannu, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya jawo doyar. Ba ƙatuwa ba ce, ta kai tsawon damtse. Amma lafiyayya ce, fatarta sumul. Magdalene ta karɓa ta juya ta, ta ƙwanƙwasa da farce.

Ta ce, "Ta Baba ta fi wannan."

Ta saɓa ta a kafaɗa, ta ce masa ya biyo ta gida, ruwa na kan wuta. Gidajen da suka rage ba wanda ya ƙara tashi.

Tun daga nan Jonah ya sake hannu. Duk inda aka kai shi, ajiyarsa doguwa ce, ba ta wuce ƙugu, ba ya hawanta da inji, kuma yakan watsa mata wake. Wani mai lambu a wajen Uke ya gaya mini albasarsa a kan aikin Jonah take, shi kuwa bai taɓa ganin fuskarsa ba. Ba zan ce ya gyara komai ba. Rafin garinsu bai dawo yadda yake ba, kifi ya tafi. Ɗorawar da aka sare ba ta da magaji, daddawa yanzu sayowa suke yi. Titi ya ci abin da ya ci. Ni ma ina cikin masu kai masa lodi, kuma ina bin sa kullum ina jin daɗinsa. Har yau abin da nake juyawa a raina shi ne yadda muka tsaya a wuri ɗaya, muka kalli ƙasa ɗaya, mu muka ga shara, shi ya ga gona.

Jonah, kai ne ka hau ƙarfen da ya zo cin garinku, ka sa shi ya mayar da abin da ya ɗauka. Kai ne ka yi kuskure a gaban danginka, ba ka ɗora wa kamfani ba, ba ka ɗora wa damina ba, ka tsuguna ka nemi inda ka ɓata. Manomi mai katafila. Sunanka ba ya kan allon kowane titi. Na gode maka, a madadin waɗanda ke ci ba su san hannunka ba. Allah ya ba idonka sauƙi, ya sa ka huta lafiya cikin jikokinka.

Ku kuma matasan da ke kan injuna yau, ana ta ƙara wa titi faɗi, aiki na gabanku. Kafin ku nitsa ƙarfe, ku sauka ku duba. Ku ware baƙa daga ja. Kada ku tara ta da tsayi. Ku kwantar da bakin rami kafin ku tafi, don akwai masu zama a wurin bayanku. Wanda yake ganin tatsuniya nake yi, ya hau mota ya sauka a ƙauyen su Jonah, ya ce a nuna masa ramin kamfani. Za su kai shi gonar doya.