Wankan Mai Tuwon Tasha

Ko da zan tsufa har in riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta da goron sallar da na rubuta wa wata mata ta wajen Dapaong, wadda har yau ban taɓa sa ta a ido ba.

A lokacin ina aikin buga takardu a wani shago kusa da babbar kasuwar Sokodé, in babu mai kawo aiki sai in duƙufa a kan waya. Muna da guruf na hira a waya, mata zalla, daga Sokodé da Tchamba da Dapaong har da 'yan Lome. Abin da ya haɗa mu wani wasan kwaikwayo ne mai dogon zango da muke bi a waya, wanda ba ya taɓa isarmu. Da an gama kashi sai mu kwashi mutanen ciki mu ƙara musu labari namu na kanmu. Wanda aka hana shi wadda yake so mu ba shi ita, wanda ya ba mu haushi mu tura masa ɓarayi. In azumi ya kama kuma, shugabar guruf, wata malamar lakwal, wato makarantar boko, a Tchamba, takan haɗa abin da muke kira goron salla. Kowa ta faɗi irin labarin da take so da abin da ba ta so a sa mata, sai shugaba ta yi ƙuri'a ta raba sunaye a ɓoye. Kin san wadda za ki rubuta wa, amma ita ba ta san ki ba sai ranar salla. In kina da tambaya, ta hannun shugaba za ta bi.

Ni kuwa a guruf ɗin nan an san ni da soyayya. Ba yabon kai ba, in na haɗa saurayi da budurwa a ƙarƙashin mangwaro sai matan aure sun ƙona miya. Don haka na gyara zama ina jiran a ce in ɗaura wa wasu aure. Sai ga abin da ƙuri'a ta ba ni: wata da ba ta cika magana a guruf ba, ba ta ma da hoto a kan lambarta. Da irin Hausarsu ta can sama, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, ta rubuta: “Ina so mai tuwo na tasha ya mutu. Yarinyanshi ya yi mishi wanka da hannunshi, daga farko har ƙarshe, kar a tsallake komai. Abin da ba na so: kar yarinyan ya yi kuka.”

Mai tuwon nan ita ce sanyin idon kowa a wasan. Ƙatuwar mata ce mai faɗa da raha, tana da 'ya ɗaya budurwa, kuma lafiyarta ƙalau, ko ciwon kai ba a taɓa nuna ta yi ba. Raina ya ɓaci. Na kira shugaba na ce a canza mini, wane irin goron salla ne da likkafani? Ta ce ƙuri'a ƙuri'a ce, bara ma ita aka ba ta labarin kokawa ta rubuta ba ta mutu ba.

Matsalar ita ce ban taɓa shiga ɗakin da ake wankan gawa ba, ko leƙe. Amma a gidanmu na unguwar Komah akwai Goggo, ƙanwar babana, tana cikin matan da ake aikowa a kira in mace ta rasu a unguwa. Tun ina ƙarama nake kauce wa kwaryar da take ajiyewa a bayan ƙyaurenta. Da la'asar na same ta tana tsince shinkafar buɗe-baki, na yi ta kewaye-kewaye kafin na fito da maganar. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Ke da ko kaza aka yanka sai kin shige ɗaki? To zauna.” Ta faɗa mini yadda ake rufe jiki da zani ba a buɗewa, yadda ake naɗe hannu da ƙyalle, a yi wa mamaciya alwala, a fara da dama kafin hagu, ruwan farko da ganyen magarya, na ƙarshe da kafur, a tsefe kitso a wanke a mayar da shi kalaba uku. Tana faɗa tana tsintar shinkafarta kamar girki take koya mini.

Na fara rubutu a shago. Ban sani ba ko tsoro ne ya sa, amma duk lokacin da na buɗe labarin sai in ji kamar ƙanshin kafur a hancina, alhali babu komai a wurin sai warin tawadar inji. Sau biyu ina tambayar mai shagon ko ya ji, ya ce azumi ne ke wahalar da ni.

Sai saƙonni suka fara zuwa ta hannun shugaba, ni kuwa ban tambayi komai ba. Na farko ya ce a gaya wa mai rubutu, mai tuwo ya rame yanzu, mutum biyu za su iya juya shi. Na yi tsaki, na ce wannan ko kallon wasan tana yi kuwa? Bayan kwana biyu wani ya zo: a sa cewa garin babu ganyen magarya, me za a yi? Sannan wani: yadi nawa na farin ƙyalle za a saya, kuma yaya ake yanka shi in babu tela? Na ƙarshen ne ya sa na ajiye wayar a kan tebur na zuba mata ido. Cewa ya yi, mai tuwo yana da ciwo a ƙirji wajen hagu, a rubuta yadda yarinyan zai bi wurin a hankali.

Da na koma gida na karanta wa Goggo su duka, ina ɗan dariyar da ba ta kai ciki ba. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ajiye muciya ta ce in sake karanta na ƙarshen. Na sake. Sai ta ce, “Ruwa ba ya tsami banza. Wannan baiwar Allah ba labari take nema ba, 'yar nan. Nata wankan take shiryawa, kuma ba ta da mai yi mata sai 'yarta.”

Na ce to ni na fasa, ba zan rubuta wa mai rai mutuwarta ba. Goggo ta ce, “In kin fasa, mutuwar za ta fasa ne? Ɗauko wayarki.” Daga ranar, bayan an sha ruwa, mu biyu muke zama a tsakar gida. Ni in kawo tasha da hayaniyar direbobi da yadda aka rufe rumfar tuwo, ita ta tsare ni a kan wankan. In na tsallake wuri don nauyinsa ta ce in koma. Ta sa na rubuta cewa in babu magarya sabulu ya isa, ta sa na rubuta yadda ake yaga ƙyalle da hannu, da yadda ake ɗora auduga a kan ciwo a zuba ruwa daga gefe. 'Yar mai tuwo kuwa na yi ta yadda aka ce, idonta a bushe tun daga bisimilla har ɗaurin likkafani. Ban taɓa rubuta abin da ya tsorata ni kamar yarinyar nan ba.

Ranar salla aka saki labarai aka bayyana sunaye. Guruf ya cika da shewa da bukukuwan aure, nawa kuwa mutum biyu ne suka iya cewa komai a kansa, ɗaya ma cewa ta yi Allah ya shirye ni. Na rubuta wa matar ita kaɗai, na yi mata barka da salla, na ce Allah ya sa lafiya. Ta amsa da murya. Murya ce siririya, tana tsayawa ta ja numfashi a tsakiyar kalma. Ta ce, “Lafiya lau, madam. Labari ne kawai. Ya yi kyau sosai, mersi. Yarinyana yana karanta mini kullum da yamma, don idona ba ya gani da kyau.” A bayan muryarta ina jiyo wata yarinya tana karatu a hankali, kuma na gane layin, wurin da ake cewa a fara da dama ne. Na sake rubuta mata sau da yawa bayan nan, amsarta ɗaya ce, lafiya lau.

Damina ta shiga, aka ci gaba da wasan, mai tuwo tana ta faɗanta a tasha. Ni ce na daina iya kallonta.

Wata safiya da hantsi, ranar da ba na zuwa shago, ina wanki a tsakar gida sai waya ta yi ƙara, lambar matar ce. Na ɗauka da murna. Muryar budurwa na ji, a natse, kamar mai karanta allo. Ta ce, “Tanti, ina kwana. Ina da tambaya a kan labarin.” Na ce Allah ya sa na sani. A raina na ɗauka irin tambayar masu karatu ce. Sai na ji ƙarar ruwa ana zubawa daga kwarya, a hankali, a tsaya, a sake zubawa, da wata tsohuwa tana magana ƙasa-ƙasa da yaren Moba. Kumfar sabulu tana hannuna, na saki wankin.

“A labarin yarinyan bai yi kuka ba,” in ji ta. “Ni na yi ƙoƙari, Tanti. Na gama dama, ina hagu. Amma hawayena ya sauka a kan jikin Mama. Wankan ya ɓaci? In sake daga farko?”

Da gudu na kai wa Goggo wayar, ban ma iya yi mata bayani ba, amma tana ganin fuskata ta gane. Ta karɓa ta zauna a bakin ƙofa ta ce, “'Yata, ni ce kakarki ta Sokodé. Bai ɓaci ba. Ko kaɗan bai ɓaci ba. Share fuskarki da gefen zani ki ci gaba daga inda kika tsaya. Wa ke zuba miki ruwa?” Yarinyar ta ce yayar mamanta ce, ba musulma ba ce, amma ita ta ɗebo ruwan tun asuba. Goggo ta ce, “Allah ya saka mata. Ajiye wayar kusa da ke, ina nan, ba inda za ni.” Haka ta zauna, rezon waya yana ɗaukewa muna sake kira, tana cewa yanzu kafur, yanzu kitson, sannu 'yata, kin iya. Ni ina tsugune a gefenta ina kukan da na hana 'yar mai tuwo.

Sai bayan kwanaki yarinyar ta ba ni sauran labarin. Mahaifiyarta ta musulunta ne da ta auri babanta, wani mai fataucin shanu. Da ya rasu suka koma ƙauyen dangin uwar, can nesa da Dapaong, inda babu mai salla sai su biyu. Da uwar ta rasu, maza ba su zama matsala ba, abokan baban sun zo daga zango a kan babura suka yi mata salla suka binne ta. Mace mai wanka ce babu, hanya kuma ta lalace da ruwan sama. Ashe asibiti sun sallami uwar tun kafin azumi, ba ta gaya wa kowa abin da suka ce ba.

Na tambaye ta yaushe ta gane. Ta ce, “Tun karatu na biyu, Tanti. Amma Mama ya ce labari ne, sai ni ma na ce labari ne. In na kai ƙarshe ya ce in sake, in sake. Wani lokaci ya tambaye ni, bayan alwala me yarinyan ya yi? In faɗa mishi. Sai ya ce mai rubutun nan ya iya labari.”

Na daɗe ina juya wannan a raina. Uwa ta san za ta tafi, 'ya ta san uwar za ta tafi, suna kwana ɗaki ɗaya, amma babu wadda ta iya duban 'yar'uwarta ta faɗa, sai da suka aro wata mai tuwo da ba ta taɓa rayuwa ba suka yi sallama ta bakinta. Abin da na koya ke nan: wata maganar ta fi ƙarfin bakin mai ita, dole sai ta zagaya. Shi ya sa yanzu in mutum ya roƙe ni abin da ya yi mini banbaraƙwai, ba na saurin yin tsaki. Nakan yi masa shi da kyau, yadda ya ce, don ban san ranar da zai buƙace shi ba, shi kuwa wataƙila ya sani.