Inda Nake Ranar Arba'in ɗin Maigidana

Ban yi boko ba. Faɗa nake ana rubutawa, in na yi shiru kuma to kuka ne, sai a jira ni.

Maigidana ya rasu da farkon damina, gero bai kai idon sawu ba. Shekara arba'in da wani abu muna tare a ƙauyenmu, can gefen Kafinsoli. Mu Kirista ne, ni da shi. A gidansu shi kaɗai ya bi coci, sauran 'yan'uwanshi duk Musulmi ne, kuma ba mu taɓa raba kwano da su ba. In sun yi layya su aiko mana da nama, in Kirsimeti ta zo mu aika masu da shinkafa.

Ranar da aka binne shi yayarshi ta zo daga Ƙofa, ta wajen Kusada, a bayan babur. Tsohuwa ce, ta girme ni da kusan shekara goma, ita ta goye shi yana jariri. Ita ta tsefe mani kai da hannunta, ta cire mani 'yan kunne, ta shimfiɗa mani tabarma a ɗakinshi. Da mutane suka ragu sai ta zauna kusa da ni.

Ta ce, "Amarya," don haka take kirana tun ranar da aka kawo ni gidan har na yi furfura, "ba zan ce ki yi takaba irin tamu ba, wata huɗu da kwana goma. Addininku daban. Amma ki zauna mashi kwana arba'in. Ranar arba'in dangi za su taru, mu yi addu'armu, ku yi taku, a same ki a kan tabarmar nan. Iyakar abin da nake roƙo ke nan. Ba ni da wani ƙane."

Na ce, "Yaya, ko ba ki roƙa ba."

Ta kwana bakwai tare da ni, ta koma gida saboda noma. Ni kuma kowace safiya sai in jefa ƙwayar wake ɗaya cikin gwangwani, don kada kwanakin su ɓace mani.

Wake ya kai ashirin da uku ranar da matar fastonmu ta shigo. Mace ce mai kirki, ba zan ɗora mata abin da ba nata ba. Ta ce matasan cocinmu da na Kankia za su tafi ƙasar Nijar aikin bishara na kwana goma, gaba da Maraɗi kaɗan. Za a tara samari da 'yan mata na can a wata makaranta, a koya masu waƙa da addu'a, a ciyar da su. Wadda za ta dafa masu abinci ta fasa, ɗiyarta ta haihu, ga shi gobe za a tashi.

"Mama, kowa ya sani, babu mai tuƙa tuwon mutum ɗari biyu ba gudaji sai ke."

Gaskiya ta faɗa. Shekara talatin duk taron da aka yi a coci ni ce a bakin tukunya. Na ce mata ina takaba.

Ta kama hannuna. "Haba Mama, takaba kuma? Mu da muka san inda Baba yake? Zaman ɗakin nan shi ke ƙara maki ciwo. Dubi yadda kika rame."

Na zazzage waken a tabarma muka ƙirga tare. In an tafi gobe, a dawo ranar talatin da huɗu. "Kin gani? Da sauran kwana shida. Har ki huta, ki jiƙa shinkafar masar sadaka."

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Ina so in tafi. Hularshi tana rataye a ƙusa, fartanyarshi tana bayan ƙofa da ƙasar gona a bakinta, duk inda na juya shi nake gani. Ɗakin ya ishe ni. Kuma ban aika wa Yaya ba. Na ce a raina zan je in dawo kafin ta ji. Wannan laifina ne, ba na kowa ba.

Muka bi ta Katsina, muka bi ta Jibiya. Shugaban tafiyar wani saurayi ne malamin makaranta daga birni, mai fara'a, duk takardunmu na tsallake iyaka suna cikin jakarshi. Ban taɓa wuce Katsina ba a rayuwata. Da mota ta ɗauki hanya iska ta buge ni, na ji ƙirjina ya buɗe, har na karɓi dafaffiyar gyaɗa na ci. Daga baya na ji kunyar daɗin da na ji.

Makarantar tana cikin yashi, azuzuwa shida da rijiya. An yi mani rumfa can baya, aka kafa duwatsun murhu. Da safe kunu, da rana shinkafa da wake, da yamma tuwo. Itacen ɗanye ne, ruwan sama ya jiƙa shi, hayaƙi kamar zai cire wa mutum ido. Daga rumfar nan ina jiyo waƙa da tafi da ihun 'yan ƙwallo, amma ko wa'azi ɗaya ban ji ba, nisan ya yi yawa kuma tukunya ba ta jira. Ba zan ce aikin banza aka yi ba. Akwai yaran da suka zo wuyansu kamar sillen kara, suka koma da kumatu. Ina jin daɗi in na ga sun suɗe kwano.

An ɗauko wata mata 'yar garin, Musulma, tana yi mani surfe da ɗibar ruwa. Hausarsu kusan irin tamu ce. A rana ta biyu ta tsaya da taɓarya a hannu, ta dubi kaina da ba kitso, ta dubi idona da ba kwalli.

"Baiwar Allah, takaba kike?"

Na ce i.

"Kwana nawa?"

Na faɗa mata.

"Allah ya jiƙan shi. To mi ya fiddo ki?"

Na juya wajen tukunyata. Ba ta sake tambaya ba. Amma daga ranar, in ta ga hawaye ya rufe mani ido sai ta karɓi muciya ta ci gaba da tuƙi, in wani ya leƙo ta ce hayaƙi ne. Duk taron nan ita kaɗai ta yi mani gaisuwar mutuwa.

Ana gobe za mu dawo, na riga na ɗaure kayana, sai shugaba ya tara mutane bayan kunun safe. Ya ce Turawan da suka ɗauki nauyin taron sun yi niyyar zuwa su gani da idonsu, jirginsu ya sami tsaiko, sai nan da kwana bakwai za su iso. Don haka an ƙara kwanaki. Yara suka yi ta tsalle. Ni na koma rumfa na zazzage gwangwanina. Ranar da baƙin za su iso ita ce ranar arba'in cif.

Na sami shugaba gindin bishiya yana danna waya. Na ce, "Ɗana, ka ba ni takardata, ka sa ni a mota."

"Mama! Wa ya ɓata maki rai?"

Na gaya mashi. Ya saurara har na gama, ba zan ce bai saurara ba.

"Mama, ke kaɗai a iyaka? Ba ki karatu, ba ki san kuɗin ƙasar nan ba. In wani abu ya same ki me zan ce? Kuma wa zai ciyar da yaran nan? Ki duba su."

"Ranar arba'in ɗin maigidana ce."

Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa ƙaramin yaro. "Mama, Baba ba ya cin masa yanzu. Yana inda ya fi nan."

"Ban ce yana jin yunwa ba. Yayarshi na yi wa alkawari."

"Za mu buga waya gida a yi mata bayani."

Na juya wajen matar fasto, da ita aka zo, tana tsaye nan kusa, ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Mama, ki yi haƙuri. Aikin Ubangiji ne." Babu wanda ya ɗaga mani murya. Da zagina suka yi da na sami bakin yin faɗa. Na koma na hura wuta. Wayar kuwa an buga, amma coci aka buga wa, babu wanda ya taka zuwa Ƙofa.

Ranar arba'in na dafa shinkafa dafa-duka da kaji. An raba wa kowa riga ruwan ɗorawa mai rubutu a ƙirji. Matar fasto ta zura mani tawa a kan zanen da nake takaba da shi, ta ɗaura mani sabon ɗankwali, ta ce saboda baƙi. Da suka ci suka ƙoshi aka kawo su rumfata. Shugaba ya dafa kafaɗata yana yi masu Turanci. Daga baya aka gaya mani cewa ya yi, ga wata tsohuwa da mijinta ya rasu kwanan nan, ta ajiye baƙin cikinta ta zo yi wa Allah hidima. Suka tafa. Wata Baturiya ta rungume ni tana hawaye.

Sai aka kaɗa ganga, 'yan mata suka ja ni tsakiyar fili. Na turje, suka fi ƙarfina. Na taka irin rawarmu ta dā, wata ta zo za ta kwaikwaye ni ta zame ta faɗi zaune cikin yashi. Na yi dariya. Ba ta dole ba ce, dariya ce ta gaske, ta fito kafin in tare ta. Wani yana ɗauka da waya.

Ranar arba'in da uku muka iso gida. Na tarar an share tsakar gida, ga toka a wuraren da aka hura wuta, ga tanda an wanke an kife, tabarmata an naɗe an jingine. Washegari na hau babur cikin laka na tafi Ƙofa.

Na same ta ƙofar ɗaki tana tsinke zogale. Ta ce, "Kin dawo? Sannu da hanya." Ta sa aka kawo mani ruwa. Sai da na sha sannan ta yi magana, hannunta bai bar zogalen ba.

"Saura kwana uku na zo na tarar da kwaɗo a ƙofa. 'Yan cocinku suka ce kin tafi aikin Allah, kina hanya. Na karɓi mabuɗi wajen maƙwabta, na jiƙa shinkafa, na kai niƙa. Da gwiwoyin nan nawa na toya masa. Dangi suka zo daga Dudunni, daga Kusada, daga Kankia. Duk macen da ta shigo sai ta dubi tabarma ta ce ina matar? Na ce ciwo ya kwantar da ke, an kai ki asibiti Katsina. Wata ta yi mani kallon ba ta yarda ba, na rantse mata."

Ta zubar da tsinkayen hannunta.

"Bayan la'asar, mutane ba su watse ba, wata 'yar cocinku da ta zo taya mu wanke-wanke ta fiddo waya tana murna, ku zo ku ga Mama a Nijar, yanzu aka turo. Ba da mugunta ta yi ba. Waya ta bi hannu hannu har ta zo wurina. Idona ba ya gani sosai, amma na san dariyarki."

Na faɗi ƙasa na kama ƙafafunta. Na ce, "Yaya, an riƙe ni ne. Wallahi na roƙa."

"Ranar da kika tafi ma riƙe ki aka yi? Da kin aiko mani, da na ce masu ta tafi aikin addininta, duk abin da za a faɗa in ɗauka. Amma kin bar ni na rantse a kan ƙarya ranar sadakar ƙanena."

Na yi kuka har zanenta ya jiƙe. Ta ce, "Na yafe maki. Tashi, ƙasa da sanyi."

Ranar Lahadi aka kira ni gaban jama'a a coci, aka tafa mani, aka miƙa mani takardar yabo da ban iya karantawa ba. Aka ce sauran mata su yi koyi da ni. Na karɓa da hannu biyu na koma na zauna. Har yau ina zuwa coci, ba da Allah nake rigima ba. Amma babbar muciyar nan ban sake riƙe masu ita ba, in sun tambaya in ce kafaɗa.

Yaya ta yafe da baki, kuma na yarda da ita, ba mace ce mai magana biyu ba. Sai dai ba ta sake kwana gidana ba. In na je ta karɓe ni da kyau, mu gaisa, ta tambayi gona, shi ke nan. Hirar ƙanenta, wadda ita kaɗai ta rage mai yi mani, ta daina.

Damina biyu bayan haka, ina kasuwar Kankia, na tsuguna sayen nono wajen wata Bafulatana da ke zuwa daga wajen su Yaya. Tana zuba mani ta ce, "Ya ƙarin haƙuri?"

Na ce, "Na wa?"

Ta tsaya da ludayi a hannu. "Ashe ba ki ji ba? Tsohuwar nan ta Ƙofa. Yau kwana takwas."

Babu wanda ya aiko mani. Ban ce sun yi da gayya ba, ƙila dai babu wanda na faɗo mashi a rai. Na bar nonon a wurin na tafi. Cikin ɗaki dangi ne, ni kuma aka shimfiɗa mani bakin ƙofa tare da maƙwabta. Na yi gaisuwa, aka amsa. Na zauna har inuwa ta juya, ba wanda ya ce in shigo. Sai na tashi na nemi babur.